Wai me mutane suke ji a faifan Lady in Satin na Billie Holiday ne?

Ɗan_Samaru ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu harkar tsohon kiɗa ku zo ku fitar da ni daga duhu, kuma kar wanda ya yi min dariya. Muna kwashe kayan kawuna, Allah ya jiƙansa, daga ɗakinsa na Hanwa saboda za a zuba 'yan haya, sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado cike da faya-fayan garmaho, manyan nan baƙaƙe. Shi dama mutum ne da ya yi karatu a Ingila wajajen shekarun 1970 ya dawo ya yi ta koyarwa nan Samaru har ya yi ritaya, to kun dai san irinsu da tara kayan Turawa. Akwai na Fela a ciki, akwai Rex Lawson, akwai Jim Reeves, amma wanda ya ɗau hankalina wani ne da kwalinsa ya fi na kowa jin jiki, gefen duk ya tsattsage an liƙe da salatif, da gani ka san shi ya fi shan hannu. Hoton wata mata ce baƙar fata ta juya gefe ta ɗaure gashi ta baya, an rubuta Billie Holiday, Lady in Satin.

Tunda ba mu da abin saka shi sai na nemo a YouTube na sa iyafis da daddare. Jama'a gaskiya ni ban gane ba. Muryar a dishe take, tana rawa, wani wurin sai ka ji kamar numfashi zai yanke mata kafin ta kai ƙarshen baiti, ga shi kuma a bayanta an jibga gogen Turawa rututu suna wani lanƙwashe-lanƙwashe irin na kiɗan fim. Na leƙa intanet na ga ana ta zuba mata kirari wai faifan na cikin manyan da aka taɓa yi a Amurka. To wai ni ne kunnena bai kai ba, ko kuwa dai abin nan ne na in Bature ya ce abu ya yi kowa sai ya ce ya yi? Sannan jaz ne wannan ko buluz, don na ga wasu na ce mata mawaƙiyar buluz. Shi kansa faifan kuma yana da wata daraja ne, a adana ko a haɗa da sauran tarkace a ba 'yan jari bola?

Kwangila_Direct ya rubuta:

Hhhhh wlh mutumina kaima akwai neman magana. Data tayi tsadan nan zaka zauna kana jin tsohuwa tana nishi da turanci. Nima yanzu na leka na danna na farkon, bacci ne ya fara daukana a kan mashin na fito da gudu. Na Felan dai ka ajiye, shi kam ko ba komai in an saka sai kafa ta motsa. Sauran ka bawa yara suyi ta gara abinsu a tsakar gida kawai

Baba_Kongo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka ya sa ya huta. Ban san shi ba, amma duk wanda ya saurari wannan faifan har kwalin ya yage ɗan uwana ne. Kai kuma na Kwangila, wadda kake ce wa tsohuwa shekararta 42 lokacin da ta yi aikin nan, ina jin ko babarka ta girme ta.

Kunnenka lafiya lau yake. Abin da ka ji shi ne a wurin, muryar ta lalace kam, wannan ba mai musu. Inda aka samu matsala ka faro ne daga ƙarshe. An ɗauki faifan cikin kwana uku a watan Fabrairun 1958 a sitidiyon kamfanin Columbia da ke New York, ya fito a watan Yuni, ita kuma ta rasu ranar 17 ga Yulin 1959 tana da shekara 44. Bayan shi guda ɗaya tak ta ƙara yi, a watan Maris na 1959, shi ma sai da ta mutu ya fito. Yarinyar da ta fara shiga sitidiyo a 1933 tana 'yar shekara 18, kai sai ka tare ta bayan shekara 25 na giya da taba da ƙwaya da gidan yari da mazan banza.

To ga abin da nake so ka yi. Ka bar auna ƙarfin muryar, dama can Billie ba ta taɓa zama mai faɗin maƙogwaro irin Ella Fitzgerald ko Sarah Vaughan ba, tun tana budurwa muryarta 'yar ƙarama ce, ba ta hawa can sama ba ta sauka can ƙasa. Gwanintarta a wurin ajiye kalma take. Makaɗa na tafiya a kan taki ɗaya, ita sai ta noƙe ta bar su su wuce da ɗan kaɗan, har ka fara cewa matar nan ta makara, sai ta zo ta sauke kalmar a daidai inda za ta soke ka, kuma ta tarar da su a ƙarshen layi ba ta ɓata musu lissafi ba. Wannan abin ko a 1958 bai bar ta ba, ni a wurina ma ya ƙaru, saboda da ƙarfi ya ƙare ba abin da ya rage mata sai dabara. Ka koma waƙar farko, I'm a Fool to Want You, ka ji yadda take shigowa can ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta, sannan a tsakiya mai busa kakakin nan da ake zugewa, Urbie Green, ya karɓa a hankali, in ta dawo kuma ba yadda ta faɗa da farko take maimaitawa ba, sai ta ɗan karkata muryar wani gefen. Daga nan ka tsallaka You've Changed, kar ka yi komai a lokacin, ka ajiye wayar a gefe ka bar danne-danne, ka bi ta har ƙarshe inda muryar ke tsagewa.

Mu nan ai wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya saurari Shata na farko-farko ya kuma saurari na wajajen 1990 ya san murya ta yi kauri ta yi kaushi, amma a cikinmu wa ya taɓa tashi ya kashe kaset saboda haka? Kalangu na ta zuba, 'yan amshi na jira, shi kuma sai ya ga dama ya shigo, kuma in ya shigo ka san wanda ya ga duniya ne ke magana. Ba da sanyin murya muke auna mawaƙi ba a ƙasar nan, in da haka ne da Barmani Choge ba ta cika fili ba. Kunnen da kake sauraren waɗannan da shi, shi za ka kai wa Billie, Turancin ne kawai ya shiga tsakani.

Kuma ba kai ka fara ƙorafin ba. Ray Ellis, wanda ya tsara kiɗan ya jagoranci makaɗan su wajen 40, shi da bakinsa ya ce da aka gama ɗauka ya shiga ya saurara bai ji daɗin yadda ta yi ba, sai bayan 'yan makonni da ya ji an haɗa aikin gaba ɗaya sannan ya gane girman abin da ta yi, ya ce da farko da kunnen makaɗi kawai yake ji. To in wanda ke tsaye kusa da ita sai da ya ɗau makonni, kai da ka ji a waya cikin dare guda ai ba ka yi laifi ba.

Wani abu kuma, waƙoƙin ba nata ba ne, sanannun waƙoƙin soyayya ne na lokacin da kowa ke rerawa. Uku daga ciki Frank Sinatra ya riga ya yi su a faifansa In the Wee Small Hours na 1955, ita I'm a Fool to Want You ma yana cikin waɗanda suka rubuta ta. Ka ji nasa ka ji nata. Shi muryar sumul take ba tabo, ita kuwa ka ji wadda abin ya faru da ita. Shi Sinatran kansa a 1958 ya ce ba mawaƙin da ya yi masa tasiri kamar ita.

'Yar_Gyallesu ta rubuta:

Baba ku yi haƙuri, ina ganin girmanku kuma duk abin da kuka faɗa na tarihi haka yake, amma ni fa ban cika yarda da yadda ake ɗaga wannan faifan ba. Akwai wata ɗabi'a da masu sauraro ke da ita, musamman maza, ta son jin mace ta ragargaje a gaban lasifika sai su ce ai nan ne gaskiyar take. Matar nan ba ta da lafiya a lokacin, hanta ta fara cinye ta, rabin abin da ake kira shauƙi ciwo ne tsagwaronsa. Da aka sake fitar da faifan a CD a 1997 an ƙara wani ɓangare na abin da ya gudana a sitidiyo, ana jin ta tana ta fama da waƙar The End of a Love Affair ana tsayawa ana sakewa, ni da na ji ba burge ni ya yi ba, tausayi ya ba ni, har na ji kamar bai kamata a ce ina saurare ba.

Ɗan_Samaru in kana son sanin dalilin da ya sa ake ce mata gwana, koma baya wajen 1935 zuwa 1939, lokacin da take yi da mai fiyano Teddy Wilson da mai busa saksofon Lester Young, shi ne ma ya laƙaba mata Lady Day ita kuma take ce masa Prez. Nemi What a Little Moonlight Can Do ta 1935. Wallahi ba za ka ce mutum ɗaya ba ce, yarinya ce mai rawar kai tana wasa da kiɗa tana tsalle a kansa, ba goge ko ɗaya, 'yan makaɗa ne ƙalilan kowa na jin kowa. Wannan ita ce Billie ɗin da ta canja yadda ake waƙa a Amurka, ba wadda aka lulluɓe da goge rututu da wasu mata can sama suna ta uuu uuu ba kalma ba, ni wannan uuu ɗin har ga Allah haushi yake ba ni.

Sannan in za a ce giya da ƙwaya da mazan banza, to a faɗi sauran. An haife ta a Philadelphia a 1915, sunanta na yanka Eleanora, ta tashi a Baltimore cikin talauci. A 1938 ta bi tawagar Artie Shaw ta fararen fata yawon wasa, ita ce ke jan jama'a amma a wani otal na New York aka ce ta riƙa hawa ta lif ɗin ɗaukar kaya kar baƙi farare su gan ta. A 1939 ta fara rera Strange Fruit, waƙar da ke magana a kan yadda ake rataye baƙar fata a bishiya a kudancin Amurka, wani malamin makaranta Bayahude Abel Meeropol ya rubuta, Columbia suka ƙi ɗauka sai wani ƙaramin kamfani Commodore ya ɗauka. A 1947 aka ɗaure ta saboda ƙwaya a gidan yarin mata na Alderson, da ta fito a 1948 ta cika babban zauren wasa na New York, Carnegie Hall, maƙil, amma an ƙwace mata katin izinin yin wasa a duk wani wurin da ake sayar da giya a New York, wato dai an rufe mata kasuwarta a garin da take zaune, kuma har ta mutu ba a mayar mata ba. Tana kwance a asibiti rai a hannun Allah 'yan sanda suka zo suka kama ta a kan gadon, suka sa mai gadi a ƙofa. Saboda haka in na ji muryar 1958 ni ba soyayya nake ji ba, abin da ƙasar ta yi mata nake ji, kuma ba na son a shafa masa hoda.

Injiniya_SabonGari ya rubuta:

Ni ba ruwana da rigimar murya, maganar faifan zan yi tunda aikina gyaran rediyo da amfilifaya ne kuma irin waɗannan kan zo hannuna jefi-jefi. Na farko dai kar ka ba 'yan jari bola, kuma kar ka bi shawarar na Kwangila.

Ka zaro shi daga kwali ka riƙe ta gefe-gefe kar yatsa ya taɓa fuskar, ka duba takardar tsakiya. In ja da baƙi ce an rubuta Columbia ga wasu alamu kamar ido guda shida a kewaye, to tsohon bugu ne na Amurka na lokacin, shi ne masu tarawa ke nema. In CBS aka rubuta to bugun baya ne na wajen Amurka, tunda kawun naka a Ingila ya zauna ina kyautata zaton irinsa ne, shi ba wani kuɗi zai yi ba amma sautin na nan. Duba lamba kuma, CL 1157 shi ne mai sauti ɗaya, CS 8048 shi ne sitiriyo, kuma ka ƙirga waƙoƙin, a bugun farko mai sauti ɗayan 12 ne sitiriyon 11, ita waccan da Hajiya ta Gyallesu ta ambata The End of a Love Affair ba ta cikin sitiriyon. Amma ka sani komai tsufansa in ya sha karce darajarsa ta faɗi, ka karkata shi a hasken taga za ka gani, in farce na kamawa a karcen to allura ma za ta kama.

Wajen wankewa nan mutane ke ɓarna. Ba fetur, ba kananzir, ba omo. Ruwan da aka tace irin wanda ake ƙara wa batir, ruwan zalla nake nufi ba mai asid ba, da tsumma mai laushi, ka riƙa bin layin a zagaye ba a gicciye ba, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka jingine ya bushe a inuwa. Ajiya kuma a tsaye, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, kuma ka raba su da wannan akwatin ƙarfen, zafin Zariya na watan Maris da Afrilu a ɗaki mai kwano lanƙwasa su yake yi, in ya lanƙwashe kuma shikenan. Ƙurar hunturu ma maƙiyiyarsu ce, a sa su a leda.

Abu mafi muhimmanci, in wani ya ce yana da tsohon garmaho na wani da hannu mai allurar ƙarfe kar ka yarda a ɗora. Wancan na faya-fayan da ne masu gudun 78, wato juyi 78 a minti ɗaya, waɗanda ke fashewa in sun faɗi. Naka roba ne mai gudun 33, allurar ƙarfe za ta nome shi a saka ɗaya. Na wuta za ka nema mai ƙaramar allura.

Malam_Palladan ya rubuta:

Na ga ba wanda ya taɓa tambayarka ta jaz ko buluz, bari in ɗan sa baki. Buluz na asali tsari gare shi sananne, yawanci gaɓa 12 ce ta kiɗa tana zagayowa, mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya amsa. Ya taso a kudancin Amurka, wajajen Mississippi, a bakin baƙar fata masu aikin gonar auduga, ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Jaz kuma a New Orleans ya yi ƙarfi, na tawagar masu busa ne, kowa ana ba shi fili ya ƙirƙiri nasa nan take. In da wannan ma'aunin za a bi, a Lady in Satin babu buluz ko ɗaya, kuma ko jaz ɗin ma wasu na tababa tunda kusan komai a rubuce makaɗan ke karantawa, in ka cire 'yan wuraren da su J.J. Johnson da Mel Davis ke busa nasu. Jaz ɗin a bakinta yake.

A duk rayuwarta ma buluz na gaske kaɗan ta yi, sanannu su ne Billie's Blues da Fine and Mellow. Sunan ya bi ta ne saboda littafin tarihinta da faifan 1956 duk an sa musu Lady Sings the Blues, aka zo aka yi fim da sunan a 1972 Diana Ross ta fito a matsayinta. Amma ita da kanta ta sha faɗa cewa wurin mutum biyu ta koya tana yarinya tana jin faifansu, Bessie Smith sarauniyar buluz da Louis Armstrong, to ko waƙar soyayyar Turawa ta ɗauka sai ta lanƙwasa sautin irin na buluz, ba ta dira a kan sauti kai tsaye, sai ta zamo ta ƙasa ta hau shi ko ta hau ta sulale.

Wannan sulalewar ce ta sa nake ganin kunnen Bahaushe bai kamata ya sha wuya da ita ba. Ka tuna goge, tsirkiya ɗaya ce ba wani tsani a wuyansa, yatsa ke zamewa, mawaƙin kuma na bin sa yana karya murya. Akwai wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, da ya fitar da littafi a 1999 mai suna Africa and the Blues, hujjarsa ita ce salon buluz ya fi kama da kiɗan yankinmu na sahel, daga Mali har arewacin Najeriya da Kamaru, inda mutum ɗaya ke waƙa da abin tsirkiya a hannu, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Kuma akwai dalili na tarihi, a wasu sassan Amurka an hana bayi ganga, misali a South Carolina a 1740 bayan wani bore, amma ba a hana su abin tsirkiya ba, to wanda ya zo da hannun goge ko molo shi ya samu fili. Wanda ya taɓa jin Ali Farka Touré na Mali ya san kamannin ba ƙarya ba ne.

Sai dai ina roƙon 'yan uwa kar a ɗauki wannan a tafi Facebook ana cewa buluz namu ne Hausawa aka sace. Kubik kansa kamanni da tushe ya nuna, kuma akwai masanan da ba su bi shi duka ba. Abin da aka yi a Mississippi waɗanda suka sha wuyar Mississippi ne suka yi shi.

Ɗan_Samaru ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya na duba, CBS ne aka rubuta, karce kuma akwai amma ba mai zurfi ba sai a waƙar farko, can kam ya sha allura. Na fitar da su daga akwatin na jera a tsaye a cikin wadrob.

Anti na ji ta 1935 ɗin, gaskiya ita ta fi shiga ta, har ƙanwata ta leƙo tana tambaya wace ce. Baba na koma You've Changed kamar yadda kuka ce, na kama abin da kuke nufi na noƙewar, da na sa ido a kai sai na ga kusan kowane layi haka take yi, amma gogen nan har yanzu sun cika min kunne, ji nake da ma a ce ita da fiyano ne kawai. Ko akwai wanda ta yi a ƙarshen rayuwar tata ba tare da su ba?

Baba_Kongo ya rubuta:

Akwai ɗana. Nemi bidiyon Fine and Mellow na watan Disambar 1957, a wani shirin talabijin na CBS mai suna The Sound of Jazz, wata biyu kacal kafin Lady in Satin. Tana zaune a kan doguwar kujera, masu busa sun kewaye ta, Ben Webster, Coleman Hawkins, Roy Eldridge, ga Lester Young shi ma jiki ya ƙi, sun daɗe ba sa shiri da ita, ya miƙe ya yi busa 'yar gajeruwa ita kuma tana gyaɗa kai. Ga buluz ɗin da Malam ke faɗa, ga kuma murya irin ta ƙarshen ba goge. Shi Lester a watan Maris na 1959 ya rasu, wata huɗu tsakaninsu. Akwai kuma waɗanda ta yi wa mai kamfanin faifai Norman Granz a shekarun 1950 da ƙananan tawaga, Songs for Distingué Lovers na ciki.

Ke kuma 'yata ta Gyallesu, maganarki ta 'yan sanda da kati gaskiya ce, na gode da kika cike inda na tsallake, kuma uuu ɗin nan ni ma da za a tambaye ni da an rage. Amma wuri ɗaya ba zan sakar miki ba. Ba kamo ta aka yi aka ajiye a gaban goge ba, ita ta nema. Ita ta ji wani faifan Ray Ellis ta ce shi take so, ita ta so a yi mata babban kiɗa irin wanda ake yi wa su Sinatra, kuma waƙoƙin sababbi ne a bakinta, ba ta koma ta tono tsofaffin da suka yi mata suna ba. Mai neman a tausaya mata ba haka take yi ba. In muka ce ciwo kawai muke ji to mun ƙwace mata aikin, mun mayar da ita majinyaciya alhali ita a matsayin ma'aikaciya ta shiga ɗakin nan, ta san muryar da ta rage mata ta kuma san inda za ta kashe ta.

'Yar_Gyallesu ta rubuta:

To Baba na ji, wannan kam kun kama ni ta wani gefen, ita ta zaɓa. Amma zaɓin mutum ba ya hana a ce waɗanda ke kewaye da ita sun ga halin da take ciki suka ci gaba da naɗa. Ni dai in za a ba sabon shiga faifai ɗaya ba wannan zan miƙa masa ba, na Teddy Wilson zan ba shi ya yi wata guda a kai tukuna. Injiniya dan Allah irin na'urar ta wuta ana samun allurarta a nan Sabon Gari ko sai an aika Kano? Akwai wata a gidanmu ta mahaifina, tana juyawa amma ba sauti.